Yadda ƙungiya ke sa hukuma ta sake shawara: jagora ga manoma, makiyaya, ƴan kasuwa da mata a Damagaram

A Damagaram ba a rasa ƙungiyoyi. Masu noman rani suna da tasu, makiyaya suna da tasu, haka ƴan kabu-kabu da mahauta da matan da ke matsar man gyaɗa da tuyar ƙuli-ƙuli, kuma daga Birni zuwa Zango har Garin Malam da wuya a sami unguwar da ba ta da fadar samari. Sai dai idan aka tambayi shugabannin waɗannan ƙungiyoyi wane hukunci na hukuma aka taɓa canjawa saboda maganarsu, da yawa za su ba da labarin tarurrukan da suka halarta, amma ba za su iya nuna takarda ɗaya da aka sake rubutawa dominsu ba. Wannan abu yana damuna, domin mutanen da ke zuba kuɗin wata-wata a cikin asusun ƙungiya talakawa ne, kuma sun cancanci su ga amfanin abin da suke zubawa. Manufar gwamnati, kowace iri ce, takarda ce da wani mutum ke rubutawa a wani ofishi a wani lokaci, sannan wani ya sa mata hannu. Ƙungiyar da ta san mutumin, ta san lokacin, ta kuma je da hujja, ita ce ke shiga cikin rubutun.

Mataki na farko: ku tsayar da buƙata ɗaya

Na taɓa raka wata ƙungiyar masu lambu zuwa wani ofishi a cikin garin nan. Shugabansu ya zaro takarda mai shafi uku ya fara karantawa: taki, iri, maganin ƙwari, injin ban ruwa, hanya, bashi, kasuwa, har da makarantar yaransu. Jami'in ya saurara da ladabi, ya sa aka kawo ruwa, ya ce ya ji kukansu kuma zai isar da shi gaba. Muka fito kowa yana murna. Bayan wata shida babu abin da ya motsa, kuma da muka zauna muka duba, sai muka gane cewa ba mu ba mutumin wani abu da zai iya cewa i ko a'a a kansa ba. Jerin koke-koke yana ba mai mulki damar tausayawa ba tare da ya ɗauki wani nauyi ba.

Don haka kafin ku nemi ganin kowa, ku yi taron membobi ku zaɓi abu ɗaya, ku kuma rubuta shi yadda za a iya cewa an yi ko ba a yi ba. Cewa a taimaka wa makiyaya fata ce kawai. Amma cewa a sake kafa alamomin burtalin da ya bi ta tsakanin gari kaza da gari kaza kafin shuka ta bana, wannan buƙata ce mai wuri da lokaci. Sauran matsaloli ba su ɓace ba, ku jera su a littafin ƙungiya, a ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. A taron nan ne kuma za ku amince da mafi ƙarancin abin da za ku karɓa idan ba a ba ku duka ba, kuma wannan magana ta tsaya a tsakaninku.

Mataki na biyu: ku gano wanda ke riƙe da alƙalami

A nan ne ƙungiyoyi da yawa ke ɓata ƙarfinsu. Ana zuwa gidan gwamna da maganar da ke hannun ƙaramar hukuma, ana zuwa ƙaramar hukuma da maganar da sai Yamai ake yanke ta. Harajin rumfa da tsarin kasuwa da kwashe shara aikin hukumar gari ne. Ranar sakin gonaki ga dabbobi bayan girbi ana tsayar da ita ne a matakin jiha, bisa rahoton kwamitocin filaye, bayan an ji ta bakin sarakuna da ƙungiyoyin manoma da na makiyaya. Harajin TVA, wato wanda ake ɗorawa a kan farashin kayan saye, da kuɗin fito na kwastan suna cikin dokar kasafin kuɗi ta ƙasa, farashin man fetur kuma, ko da yake matatar SORAZ tana nan kusa da mu tun shekarar 2011, gwamnatin ƙasa ce ke tsayar da shi. Wanda ya kai kukan farashin mai wurin shugaban ƙaramar hukuma ya ɓata ranarsa ya ɓata ta mai masaukinsa.

Dole kuma a yi la'akari da yadda tsarin ya sauya. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 babu majalisar dokoki da aka zaɓa, an rushe majalisun ƙananan hukumomi da na jihohi a watan Afrilun 2024 aka naɗa musu shugabannin riƙo, sannan a 2025 aka rushe jam'iyyun siyasa aka kafa majalisar tuntuɓa. Ma'anar wannan ga ƙungiya ita ce hanyar da aka saba bi ta ɗan majalisa ko kansila ta toshe, nauyi ya koma kan gwamna da perefe da shugaban riƙo da daraktocin ma'aikatu na jiha.

Akwai wani mutum da ake yawan mantawa da shi, wato ma'aikacin da ke rubuta daftarin farko. Gwamna ko minista yana sa hannu, amma rahoton da ya dogara a kansa wani injiniyan noma ne ko likitan dabbobi ko sakataren kwamitin filaye ya haɗa shi. Wannan ma'aikaci yana da sauƙin gani, yana buƙatar bayanan da kuke da su daga ƙauyuka, kuma sau da yawa yana daɗewa a kujerarsa fiye da wanda ke samansa. Ku san shi, ku riƙa kai masa labari tun ba ku da wata buƙata a wurinsa.

Mataki na uku: ku gyara takardunku

Dokar ƙungiyoyi ta 1 ga Maris 1984 ce tushen rajistar ƙungiya a Nijar. Ku tanadi takardar amincewar hukuma, da dokokin ƙungiya, da sunayen shugabanni, da rahoton taronku na ƙarshe, ku kuma tambayi ofishin da ya dace ko akwai sabon sharaɗi, domin ana ƙara tsananta bincike kan ƙungiyoyi a ƴan shekarun nan. Ƙungiyar da wa'adin shugabanninta ya ƙare ba a sake zaɓe ba, ko wadda ba ta iya faɗin yawan membobinta ba, tambaya ɗaya ta isa a sallame ta.

Mataki na huɗu: ku tara hujjar da ba a iya musantawa

Kowa a Zinder ya san ƙarancin ruwa, kowa ya ga layin jarkoki a bakin famfo a watannin bazara, ya kuma ji sunayen Gogo da Macaya da Arunguza da Ganaram, inda ake jawo wa gari ruwa. Saboda kowa ya sani, faɗin cewa babu ruwa ba ya ƙara wa mai mulki komai. Abin da zai ƙara masa shi ne littafi. A ce ƙungiyar matan unguwa ta ba wasu ƴan mata biyu masu karatu aikin rubutawa kullum har wata guda: ƙarfe nawa ruwa ya zo, ƙarfe nawa ya ɗauke, nawa aka sayar da jarka da safe, nawa da yamma, kwana nawa aka yi ko ɗigo babu. Idan aka haɗa wannan da takardun biyan kuɗin ruwa na gidajen da famfonsu ya bushe, an sami abin da ma'aikaci zai iya liƙawa a cikin rahotonsa ya aika sama. Haka makiyayi zai auna faɗin burtali da igiya a wurare uku ko huɗu, ya ɗauki hoto da salula, ya rubuta ranar. Haka ɗan kasuwar Dole zai adana rasit na kowane haraji da ya biya a shekara.

Kada ku ƙara gishiri. Adadi ɗaya na ƙarya da aka kama ku da shi zai zubar da darajar sauran na gaskiya, kuma ma'aikatan gwamnati sun iya lissafi. Idan kuna buƙatar wata takarda ta hukuma, ku sani cewa tun Fabrairun 2011 akwai dokar da ta ba ɗan ƙasa damar neman bayanai da takardun hukuma, ku nema a rubuce ku ajiye kwafi. Ɗaliban Jami'ar André Salifou da ke neman abin rubuta kundin kammala karatu za su iya taimaka muku wajen tsara alƙaluma, su su sami aikinsu, ku ku sami hujjarku.

Mataki na biyar: ku san kalandar hukuma

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kasafin kuɗin ƙasa da na ƙananan hukumomi yana fara aiki ne a watan Janairu, wanda ke nufin ana dafa shi watanni kafin nan, kuma wanda ya zo da buƙatar kuɗi a watan Maris za a ce masa ba a tanada ba, gaskiya kuwa aka faɗa masa. Kowace ƙaramar hukuma tana da tsarin raya ƙasa na shekaru da ake kira PDC, daga cikinsa ake ciro ayyukan kowace shekara, don haka rijiya ko mahauta ko rumbun tsimi da bai shiga wannan kundi ba zai sha wuya kafin ya sami kuɗi, ko daga hukuma ko daga masu ba da tallafi. Maganar taki ana yin ta tun rani. Maganar sakin gonaki ana yin ta tun gero yana kan kara, kafin kwamitin filaye ya rufe rahotonsa, domin idan sanarwa ta riga ta fita a rediyo, sai dai a kai ƙara bayan an yi ɓarna.

Mataki na shida: ku shiga ta ƙofofin da doka ta buɗe, ku nemi abokan tafiya

Akwai kujerun da doka ta riga ta ajiye wa ƙungiyoyi, da yawansu kuma babu mai zama a kansu da gaske. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta kafa kwamitocin filaye, waɗanda a yau ake samu a matakin gari da ƙaramar hukuma da gunduma, kuma a cikinsu akwai wakilan manoma da makiyaya da mata da matasa tare da sarakuna da ma'aikata. Manoma da makiyaya suna da majalisar noma ta jiha wadda ke cikin haɗakar RECA ta ƙasa, ƴan kasuwa suna da majalisar kasuwanci, ma'aikata suna da ƙungiyoyin ƙwadago. Ku tambaya wa ke wakiltarku a waɗannan wurare, yaushe ya halarci taro na ƙarshe, me ya faɗa. Idan wakilinku yana zuwa ne don kuɗin zama, ku canja shi.

Misalin da ya fi burge ni a tarihin ƙasar nan shi ne na makiyaya. Tun 1961 doka ta shata iyakar noma ta arewa, amma shekara da shekaru gonaki suna cin filayen kiwo da burtali da mashaya. Ƙungiyoyin makiyaya irin su AREN da haɗakar CAPAN ba su tsaya ga kuka ba, sun shiga tattaunawar rubuta dokar kiwo tun ƙarshen shekarun 1990, suna bin daftari bayan daftari, suna gardama kan sashe bayan sashe, har aka sa hannu a kan dokar kiwo ranar 20 ga Mayun 2010, wadda ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi. Fiye da shekara goma aka ɗauka, gwamnatoci suka sauya a tsakani, su kuwa ba su bar teburin ba. Abin da ya ba su nauyi shi ne sun haɗa kai suka yi magana da murya ɗaya, kuma sun riƙe lauyoyi da masana da suka san kalmar da za a cire da wadda za a saka.

A Damagaram kuma ba a tsallake fada. Mai martaba Sultan da hakimai da masu gari da masu unguwa ba su rubuta kasafin kuɗi, amma hukuma tana neman shawararsu a kan filaye da sulhu, kuma buƙatar da suka riga suka ji suka gamsu da ita tana isa ofishi da daraja. Ku bi ta hannun sarkin sana'arku, sarkin noma ko sarkin fawa ko ruga, kamar yadda aka gada. Malamai ma suna da nasu ƙarfi, kuma tarihi ya nuna shi: adawar ƙungiyoyin addinin Musulunci ce ta hana daftarin dokar iyali wucewa a shekarun 1990, ta sake tsayar da shi a 2011. Ko mutum yana goyon bayan wancan daftari ko yana ƙinsa, abin lura shi ne tasirin ƙungiyoyi yana iya hana doka kamar yadda yake iya kawo ta, kuma duk abin da kuke nema akwai wata ƙungiya da za ta ga asara a cikinsa. Ku neme ta tun da wuri. Manoma da makiyaya da suka zauna suka daidaita kan rana ɗaya suka kai wa hukuma tare, da wuya a ƙi musu.

Mataki na bakwai: ranar ganawa

Ku nemi ganawa a rubuce, ku kai wasiƙar da hannu, ku tsaya sakatare ya buga hatimi da kwanan wata a kan kwafinku. Kada ku wuce mutum huɗu ko biyar: shugaba, da mai riƙe da alƙaluma, da mai rubutu, da wanda matsalar ta shafa kai tsaye. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi muhimmanci. Dattijuwar da za ta ce, "Ranka ya daɗe, ni da jikokina tun asuba muke layi, jiya sai bayan azahar muka sami jarka biyu," ta fi dogon jawabi shiga zuciya, kuma idan littafin alƙaluma ya biyo bayan maganarta, an haɗa tausayi da hujja. Ku gaisa yadda ya kamata, ku yi godiya kan wani abu na gaskiya da hukumar ta yi, sannan ku faɗi buƙatarku cikin ƴan mintoci ku miƙa ta a shafi ɗaya, da Faransanci domin fayil, da Hausa domin membobinku.

Ku zo da mafita, har da inda kuɗi zai fito da abin da ku kanku za ku ɗauka, ko aikin gayya ne ko wani kaso na kuɗi. Kafin ku tashi, ku yi tambaya uku cikin ladabi: wane ne zai bi maganar, me ya rage mu kawo, yaushe za mu dawo. A daren ranar mai rubutu ya rubuta abin da aka faɗa, kashegari a aika wa ofishin kwafi tare da godiya. Abu ɗaya da nake roƙon kowane shugaba ya kiyaye: kada ya nemi wani abu na kansa a wannan zama, ko aiki ga ɗansa ko fili ko kuɗin mota. Ranar da ya karɓa, bakinsa ya mutu, kuma waɗanda suka aiko shi za su ji ko ba daɗe ko ba jima. Haka nan ba da wani abu domin a sa hannu cin hanci ne, laifi ne a doka, kuma hukuncin da aka saya wanda ya fi ku kuɗi zai iya sayen warware shi.

Mataki na takwas: rediyo da matsin lambar jama'a

Idan ganawa biyu ko uku ba su haifar da komai ba, lokacin fitar da magana ya yi. A jihar nan rediyo ya fi jarida isa ga mutane, daga tashoshin cikin gari irin su Anfani zuwa rediyoyin karkara na Mirya da Magarya da Tanut. Ku tura wanda ya san alƙaluman, ya yi magana kan matsalar, kada ya zagi mutum. Ku yi hattara da WhatsApp da Facebook, domin a watan Yunin 2024 an tsananta dokar laifukan intanet aka maido da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da yaɗa abin da zai tada hankalin jama'a.

Fitowa kan titi ta taɓa sauya manufa a ƙasar nan. Ranar 13 ga Mayun 1991 mata suka yi maci a Yamai saboda mace ɗaya tak aka saka a kwamitin shirya babban taron ƙasa, aka ƙara musu kujeru, ranar kuma ta zama ranar matan Nijar. A watan Maris na 2005, bayan gwamnatin Tandja Mamadou ta ɗora harajin TVA na kashi 19 cikin 100 a kan kayan masarufi irin su madara da fulawa da sukari da ruwa da wutar lantarki, haɗakar ƙungiyoyin yaƙi da tsadar rayuwa, wadda Nouhou Arzika ke cikin jagororinta, ta shirya maci da ranakun zama gida, kasuwanni suka kasance a rufe. An kama wasu daga cikin shugabannin, amma a watan Afrilu gwamnati ta zauna da su, ta janye harajin daga madara da fulawa, ta sassauta kan ruwa da wuta. Abin da ake mantawa shi ne haɗakar ta haɗa ƴan kasuwa da ma'aikata da masu saye a kan buƙata ɗaya, kuma da aka zo teburi ta shiga maganar inda za a cike giɓin kuɗin. A halin da ake ciki yau na tsaro da takura taruka, wannan hanya tana da haɗari sosai. Doka ta wajabta sanar da hukuma a rubuce kafin maci, hukuma kuma tana iya hanawa, don haka shugaban da ke da amanar mutane ba ya fitar da su sai ya auna abin da zai iya samunsu.

Mataki na tara: ku bi sawun alkawari

Sa hannu rabin aiki ne. Doka tana buƙatar takardun zartarwa, aiki yana buƙatar a fitar da kuɗinsa daga baitulmali, sanarwa tana buƙatar wanda zai tabbatar an bi ta a daji. Dokar kason mata ta Yunin 2000 ta ba su kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe da kashi 25 na muƙaman naɗi, kuma a zaɓen 2004 mata a majalisar dokoki suka tashi daga ɗaya zuwa 14. Ƙungiyoyin mata ba su koma gida ba, sun ci gaba da ƙirga sunaye a kowane jeri, har aka ɗaga kason zaɓe zuwa kashi 15 a 2014, sannan zuwa 25 a 2019, na naɗi kuma zuwa 30.

A matakinku, ku naɗa mutum biyu da aikinsu kawai bin maganar ne, su riƙa leƙa ofishin duk mako biyu, domin zuwa da kai ya fi saƙo. Ku ajiye fayil ɗaya mai ɗauke da kowace wasiƙa da hatiminta da rahoton kowace ganawa, a hannun sakatare, ba a gidan shugaba ba. Ma'aikata suna samun canjin wurin aiki, kuma idan sabon darakta ya zo ya ce bai san maganar ba, fayil ɗin ne zai sa a ci gaba daga inda aka tsaya. Bayan kowace ganawa ku tara membobi ku faɗa musu abin da aka samu da abin da aka ƙi, da nawa aka kashe a mota da buga takardu. Idan an kafa alamomin burtalin, ku je ku ƙirga su da kanku, ku rubuta wa hukuma wasiƙar godiya mai ɗauke da adadin da kuka gani da wuraren da suka rage, sannan ku buɗe littafin ƙungiya ku ɗauko buƙata ta biyu.